Kayan ƙwallo a kasuwannin New Bell: yadda ake sa farashi da yadda mai saye ke gane araha

New Bell, wadda ke gunduma ta biyu ta birnin Douala, unguwa ce da Jamusawa suka shata gab da 1914, daga baya ta zama masaukin baƙi, ciki har da Hausawa. A cikinta ne kasuwar Nkoulouloun take, wadda ta yi suna a gwanjo, da kasuwar Congo ta atamfa da yadi. A nan yawancin iyaye da ƙungiyoyin unguwa ke sayen rigar ƙwallo da takalmi, kuma da wuya a ga farashi a rubuce.

Kayan iri uku ne. Akwai na asali mai lasisin kamfani, wanda ya bi ta kwastan ya biya harajin TVA na kashi 19.25 cikin 100. Akwai sabo na kwaikwayo, galibi daga Sin. Sai gwanjon Turai da ke sauka a tashar jirgin ruwa cikin diloli. Idan aka ji farashi uku a kan riga mai kama ɗaya, sau da yawa ba cuta ba ce, kayan ne ba ɗaya ba.

Lissafin ɗan gwanjo ya fi na sauran wuya, domin dila a ɗaure yake sayenta, bai san abin da ke ciki ba. Ranar da ya fasa ta yakan ware zaɓin farko, wato wanda kusan ba a sa ba, sannan na biyu da na uku. Daga zaɓin farko yake son fitar da uwar kuɗinsa, don haka bai cika sassautawa a kansa ba. Ragowar ce ake zubewa a ƙasa ana kiran farashi. Wanda ya yi sammako ranar fasa dila yakan biya da tsada ya samu mai kyau. Wanda ya jira yamma ya samu rangwame a kan abin da wasu suka ɗaga suka ajiye.

Lokaci ma na da tasiri. Rigar Lions Indomptables kan yi tsada idan gasa ta matso, kamar kofin Afirka da Kamaru ta karɓa a farkon 2022, takan kuma faɗi idan an fitar da ƙungiyar ko an sauya kamfani. Daga Puma an koma Le Coq Sportif a 2019, sannan One All Sports a 2022, kuma kowane sauyi yakan mai da tsohon kaya kwantai. Takalmi kuwa kasuwarsa na tashi a dogon hutun makaranta, lokacin gasannin unguwa.

Gwanin saye ba ya fara da tambari, tunda shi ya fi sauƙin kwaikwaya. Yakan lanƙwasa takalmi ya ga ko gam zai buɗe, ya duba cin ƙusoshin ƙasa, ya haɗa ƙafa biyun don kada lamba ta saɓa. Riga kuma sai ya juya cikinta ya duba ɗinki. Takalmin gwanjo mai ƙwari yakan fi sabon jabu daɗewa a filin ƙasa, ko da ya fi shi kuɗi, abin da yaro mai son sheƙi ba ya son ji.

Tsakanin Hausawa ciniki na tafiya yadda aka saba: a taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara har ya sallama. Baƙo dai ya kula da harshen kuɗi. A Douala “kolo” na nufin sefa 1,000, abin da ɗan Nijar ke kira jika, kuma wanda ya saba ƙirga da dala, sefa biyar-biyar, gara ya faɗi adadi da Faransanci kafin ya miƙa kuɗi. Sefar Nijar da ta Kamaru darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda, amma takardunsu daban ne, sai an canza kafin a shiga kasuwa.