Jini ko Mahaifa: Tarihin Dokar Zama Ɗan Ƙasa a Jamus

Masana shari'a sun kasa hanyoyin zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa gida biyu: akwai haƙƙin jini, wato yaro ya gaji ƙasar iyayensa ko a ina aka haife shi, akwai kuma haƙƙin mahaifa, wato ya zama ɗan ƙasar da aka yanke cibiyarsa ko da iyayensa baƙi ne. Jamus ta shafe ƙarni na ashirin tana riƙe da hanya ta farko kaɗai, bisa dokar da majalisar daular ta zartar a 1913 zamanin Sarki Wilhelm na Biyu, wadda ta sauƙaƙa wa Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa ƙetare riƙe matsayinsu, ta kuma bar ƙofa a ƙuntace ga 'yan Poland da Yahudawan da ke shigowa daga gabas. Ta wajen uba ake gadon, domin sai a 1975 matar aure Bajamushiya ta samu cikakken ikon gadar wa 'ya'yanta ƙasarta.

'Yan Nazi sun kai wannan aƙida maƙura da dokokin Nuremberg na 1935, waɗanda suka raba Yahudawa da haƙƙoƙinsu na 'yan ƙasa. Kundin tsarin mulki na 1949 ya haramta ƙwace wa mutum ƙasarsa, ya kuma ba waɗanda aka zalunta da zuriyarsu damar komawa matsayinsu, amma dokar 1913 ta ci gaba da aiki.

Illar hakan ta bayyana ne lokacin da masana'antun Jamus ta Yamma suka rasa isassun hannaye, gwamnati ta shiga ƙulla yarjejeniyar ɗaukar leburori da Italiya a 1955, da Sifaniya da Girka a 1960, da Turkiyya a 1961, sannan Maroko da Fotugal da Tunisiya da Yugoslaviya. Ana kiransu Gastarbeiter, ma'ana baƙin ma'aikata, kuma an tsara komai a kan zaton za su yi 'yan shekaru a ramukan kwal da masana'antun motoci su koma gida. A 1964, a tashar jirgin ƙasa ta Köln, an tarbi wani ɗan Fotugal, Armando Rodrigues de Sá, a matsayin ma'aikaci na miliyan ɗaya, aka miƙa masa furanni da ƙaramin babur. Kimanin mutum miliyan 14 ne suka shigo kafin a rufe shirin a 1973, kimanin miliyan 11 suka koma, sauran kuwa suka ɗauko iyalansu suka kafa gida. Duk da haka ƙa'idojin ba da takardar zama ɗan ƙasa na 1977 sun ce Jamus ba ƙasar masu ƙaura ba ce, a 1983 ma aka yi dokar biyan mak 10,500, kuɗin Jamus na lokacin, ga wasu ma'aikatan da suka yarda su tattara su tafi.

Rashin adalcin ya fi fitowa fili idan aka dubi 'yan asalin Jamus da kakanninsu suka zauna a Rasha da Romaniya da Poland, waɗanda kusan 400,000 daga cikinsu suka iso a 1990 kaɗai aka karɓe su a matsayin 'yan ƙasa, alhali da yawansu ba sa jin Jamusanci sosai, yayin da jikan lebura Baturke da aka haifa a Berlin, wanda bai san wata makaranta ba sai ta Jamus, yake bin layi a ofishin kula da baƙi domin sabunta izinin zama. Sai a 1993, shekarar da masu ƙyamar baƙi suka ƙona gidan wani iyalin Turkawa a Solingen mutum biyar suka mutu, samun takardar ya zama haƙƙin da doka ta tabbatar ga wanda ya yi shekara 15, maimakon alfarmar da jami'i ke yi in ya ga dama.

Gwamnatin Gerhard Schröder ta shigar da haƙƙin mahaifa daga 1 ga Janairun 2000 ga yaron da ɗaya daga iyayensa ya yi shekara takwas bisa ƙa'ida, ta kuma rage wa'adin manya zuwa takwas. Sai dai jam'iyyar CDU ta tattara sa-hannun jama'a don adawa da riƙe fasfo biyu, ta ci zaɓen jihar Hesse a 1999, abin da ya tilasta wa gwamnati ja da baya: dole yaron ya zaɓi ƙasa ɗaya kafin ya cika shekara 23. Sharaɗin yada tsohon fasfo, wanda ya shafi manya masu neman takardar ma, shi ne katanga mafi tsawo, domin ga dattijon da ya bar gona da kabarin iyaye a Anatoliya, neman a sallame shi daga ƙasarsa tamkar yanke zumunci ne, kuma da yawa sun gwammace su tsufa a Jamus ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. An ƙara sharaɗin iya harshe, a 2008 kuma aka kawo jarrabawa mai tambaya 33 da ake buƙatar cin 17.

Dokar da ta fara aiki ranar 27 ga Yunin 2024 ta halatta fasfo biyu, ta mayar da wa'adi shekara biyar, ta kuma ɗauke wa tsofaffin leburorin rubutacciyar jarrabawa, sauƙin da ya zo bayan mutuwar da yawa daga cikinsu. A 2024 kimanin mutum 292,000 suka zama Jamusawa, 'yan Siriya ne kan gaba. Taƙaddamar ba ta kwanta ba, domin a 2025 gwamnatin Friedrich Merz ta soke gajeriyar hanyar shekara uku da waccan doka ta buɗe, kuma a manyan birane mai nema, bayan ya cika sharuɗɗa ya tanadi kuɗin yuro 255, yakan jira fiye da shekara kafin a duba takardunsa.