Lokacin da Ake Babila da Farisa, Mu Ina Muke?

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan La'asar, ina zaune a bakin tasha nan Gagarawa ina kallon motocin da ke dawowa daga kasuwar Maigatari, sai ga ɗan ƙanena da littafi a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baffa, yau malam ya yi mana Masar da Babila da Farisa. To mu a lokacin nan ina muke? Ko babu kowa a ƙasar nan?" Na ce masa ya gyara zama. Tambayar ta tsaya mini a rai har dare, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku amsar a nan. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Mu ɗauki ƙarni ɗaya tak, daga shekara ta 600 zuwa ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam. Lissafin wancan zamani da baya-baya yake tafiya. Ana maganar shekaru kusan 2,600 ke nan, fiye da shekara 1,100 kafin Hijira.

Abin da littafin yaron ya ƙunsa gaskiya ne, kuma ƙarni ne mai cike da labari. A Babila, cikin Iraƙi ta yau, Bukhtanasar ne kan gado daga 605 zuwa 562, shi ne ya rushe Baitul Maƙdis wajajen 586 ya kwashe mutanenta. Bayan mutuwarsa ba a yi shekara 25 ba Sairus na Farisa ya shiga Babila a 539, ya bar waɗanda aka kamo su koma gida. Ɗansa Kambisis ya ci Masar a 525. A Sin aka haifi Konfushiyas a 551, mutanen Rum kuma suka kori sarkinsu na ƙarshe a 509. A nahiyarmu, wajajen 593 rundunar Masar ta far wa daular Kush, daga baya cibiyar mulkin Kush ta koma Merowe, arewa da Khartum, inda har yau dalolinta da tarin kashin maƙera suke nan. Alhazan ƙasa da suka ratsa Sudan da ƙafa sun bi ta ƙasar wannan daula.

Waɗannan duk an san sunayensu ne saboda sun yi rubutu, wasu a kan dutse, wasu a kan allon yumɓu. Na yankinmu labarinsu a cikin ƙasa yake, sai an haƙa.

Ku duba gabas da mu. Kimanin kilomita 60 arewa da Maiduguri akwai wani kufai da ake kira Zilum. Masu binciken kayan tarihi daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, Peter Breunig da Carlos Magnavita, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri, su suka yi aikinsa. Sun gano an zauna a wurin tsakanin 600 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wato daidai zamanin su Sairus. Faɗin garin ya kai hekta 12, kuma an kewaye shi da gwalalo. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Haƙa gwalalo ya kewaye gari ba aikin gida ɗaya ba ne. Sai da mai yin kira a amsa, sai da gayya, sai da abincin da za a ciyar da 'yan gayya, kuma sai akwai abin da ake tsoro a waje da abin da ake karewa a ciki.

Abin da ake karewa shi ya fi taɓa ni. A cikin garin an samu ramuka birjik na ajiyar abinci, da manyan randuna, da ƙonannun ƙwayoyin gero da wake. Gero da wake, jama'a! Abin da muke shukawa a jigayin Gagarawa da Sule Tankarkar, mu jera shi layi-layi a gona ɗaya, mu ɗaure dami mu zuba a rumbu. Duk manomin da ya taɓa ganin Agusta ta zo rumbu ya yi ƙasa ya san dalilin da zai sa mutum ya haƙa rami ya ɓoye hatsi, ya kuma yarda ya zauna da ɗaruruwan mutane a bayan gwalalo ɗaya. Kafin Zilum, mutanen al'adar da Zilum ke cikinta, wadda ake kira Gajiganna, sun fi shekara dubu a yankin suna kiwon shanu da awaki da tumaki a ƙananan ƙauyuka, suna kamun kifi. Ƙasarsu babu duwatsu, don haka dutsen niƙa da na gatari daga nesa ake ɗauko su. Ga fatauci nan tun kafin a san raƙumi a wannan yanki.

Shi kansa geron ya girmi daular Babila da ta Farisa. An samu shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajajen 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma daga Afirka ya tafi har Indiya, inda suke cinsa har gobe. Mutanen Sahel ne suka ɗauki ciyawar daji, suka yi ta zaɓen zangarniya mai kyau shekara bayan shekara, har ta zama hatsin da ke yi a rairayi da ɗan ruwan sama kaɗan. A wajena wannan aiki bai gaza ginin fadar Babila ba. Fadar ta zama kufai, furar kuwa da ita na karya yau da safe.

Sai mu juya kudu. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna a yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 aka sake samun wani a kusa da Jama'a. Wanda ya tsince shi gonar doyarsa ya kai shi ya kafa a matsayin mutum-mutumi don korar ɓarna, har labari ya kai ga wani Baturen Ingila mai suna Bernard Fagg, wanda ya gane cewa hannu iri ɗaya ne ya yi su. Wanda ya taɓa ganin hoton waɗannan kawuna ba ya mantawa: ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, kitso iri-iri, duwatsun wuya da na hannu jere. Cikinsu fanko ne, an gina su ne kamar yadda mai ginin tukwane ke ɗora laka zagaye-zagaye, sannan aka gasa. Mutanen da ke da lokacin yin irin wannan kitso da irin wannan ado ba mutanen da yunwa ta kora daji ba ne.

Kuma maƙera ne. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono murhunan narkar da tama a shekarun 1960, binciken da Jamusawa suka fara a 2005 kuma ya nuna cewa tun kafin shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Nok na fitar da ƙarfe daga dutse. Abincinsu gero ne da wake da atili. A 2021 aka bayyana cewa an gano ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, alamar suna ɗiban zuma.

To ga mu a tsakani, Zilum a gabas, Nok a kudu, kowanne tafiyar yini guda a mota. Kada wani ya tafi ya ce na ce su ne kakannin Hausawa ko na Mangawan da suka kafa Gumel. Tsakanin ƙarnin da muke magana a kai da masarautar Gumel, wadda aka kafa wajajen 1750, akwai fiye da shekara 2,000. Abin da nake cewa shi ne ƙasar nan da mutanenta, masu noma da kiwo da ƙira da tsarin zama, a lokacin da ake yaƙin Babila. A cikin jiharmu ma, duwatsun Birnin Kudu na ɗauke da zanen shanu da mutanen dā suka bari, kuma yawancinmu ba mu taɓa zuwa mun gani ba.

Da na kai nan sai yaron ya ce, "Baffa, to a nan garin fa?" Na ba shi labarin Dufuna ta jihar Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya, ya kai zurfin mita biyar sai ya ci karo da itace. Bai fasa ba, bai ƙone ba, aka kai magana gaba. Da aka tono sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka. Yanzu yana Damaturu. Da mutumin nan ya sa gatari ya yi makamashi da shi, da babu wanda zai san an taɓa tuƙa jirgi a wannan wuri.

Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ɗimbin kayan Nok an tone su da dare an sayar, sun ƙare a gidajen attajiran Turai, kuma abin da aka cire daga raminsa ba tare da an auna an rubuta ba, rabin labarinsa ya tafi. Mu ma nan kullum muna haƙa: rijiya, masai, harsashin gini, ramin yin tubali. Yara na wasa da tsingaro a kufai, manoma na ture kashin maƙera gefen gona.

Don Allah masu haƙar rijiya da magina da manoman Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, idan kuka ci karo da tukunya a binne, ko tarin tsingaro, ko tsohon murhun ƙira, kada ku fasa, kada ku sayar. Ku ɗauki hoto da waya yadda kuka same shi, ku sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai maganar ga ma'aikatan gidan tarihi, ko na Birnin Kudu ko na Gidan Makama a Kano. Malaman makaranta kuma, ranar da kuka yi wa yara Babila, ku haɗa musu da Zilum.