Tambarin katin da na manta a shafin Goggo

1/ Hutun da ya wuce na koma gida Rikoto, Goggo ta ce tunda kwamfuta nake karantawa, in haɗa mata shafin intanet na shagon atamfarta. Na ce ai ƙaramin aiki ne. Ashe darasin tarihi ke jirana.

2/ A ƙasan shafin na jera ƙananan tambarin katunan biyan kuɗi. Da Font Awesome na yi, wanda Dave Gandy ya fitar a 2012. Hotuna ne da aka adana kamar haruffa: ka kira sunan hoto ya fito, ka ƙara masa girma ko ka sauya launinsa kamar rubutu. A 2014 aka saka tambarin Visa, Mastercard da PayPal a ciki.

3/ Amma fa wasu daga cikin tambarin nan sun girmi shafukan intanet nesa ba kusa ba. Visa ta faro a Amurka a 1958 da sunan BankAmericard, sai 1976 ta koma Visa. Mai shago kan liƙa tambarin a ƙofa don mai kati ya sani tun kafin ya shiga. Aikin da suke yi ke nan har yau, ƙofar ce kawai ta koma waya. Mastercard ma a 2019 ta cire sunanta, ta bar da'irori biyu, wai kowa ya gane su.

4/ Kwana uku da buɗe shafin, wata ƙawar Goggo ta kira daga Birnin Kebbi: "Hajiya, shafinku ba ya karɓar katina." Turmi biyar ta so saya. Katinta Verve ne, shafin kuma yana karɓa sarai. Tambarin ne ba ta gani ba, ta fasa.

5/ Laifina ne. Na kwashi abin da na tarar na jera, har da Diners Club, katin da ban taɓa ganin mai shi a Zuru ba. Alhali Verve, na Interswitch da aka kafa a Legas a 2002, yana hannun mutane tun 2009. Ga kuma AfriGo da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023.

6/ Na nemo hoton Verve na sa shi a gaba. Goggo ta leƙa wayar ta ce, "To madalla. Yanzu rubuta lambar asusuna da manyan baƙi a sama, yawancinsu turo kuɗi suke yi."