Yadda Zara ta sauya lissafin masana taurari

Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce, masana da dama na ɗaukar Zara, tauraruwar nan mai haske da ake gani da magariba ko da asuba, a matsayin 'yar'uwar duniyarmu da ta ɗan fi ta ɗumi. Lissafin nasu yana da tushe: tazararta da rana kilomita miliyan 108 ce, tamu miliyan 150, kuma farin gajimaren da ya lulluɓe ta yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ke sauka mata. A 1918 Svante Arrhenius, masani ɗan ƙasar Siwidin, ya rubuta cewa wuri ne mai danshi da fadamu. Kuskurensu shi ne sun bar wa tazara hukuncin da ba nata kaɗai ba ne.

Shaida ta zo a hankali. A 1940 masani Rupert Wildt ya yi hasashen cewa iskar kabon da ke kewaye da ita za ta riƙe zafi. A 1956 na'urorin rediyo a Amurka suka gano zafin da ya haura digiri 300, wasu masana suka ce daga saman iskarta yake fitowa. Kumbon Mariner 2 ya gifta ta a 1962, ya nuna zafin daga ƙasa yake. Ran 15 ga Disamba 1970 kumbon Tarayyar Sobiyat, Venera 7, ya sauka da ƙarfi bayan lemarsa ta samu matsala, ya yi minti 23 yana aiko da saƙo mai rauni: digiri kusan 475, zafin da ke narkar da darma. Uɗaridu, tauraron da ke kilomita miliyan 58 kacal daga rana, bai kai haka ba. Da rana yakan kai 430, da dare ya faɗi zuwa 180 ƙasa da sifiri, domin ba shi da iskar da za ta riƙe masa zafi. Zara kuwa tukunya ce da aka kife wa murfi: kashi 96 cikin ɗari na iskarta kabon ce, nauyinta ya ninka na tamu sau 90.

Mai musu zai ce Mirrihu, tauraron da ke kilomita miliyan 228 daga rana, daskararre ne, don haka tazara ce ke mulki. Gaskiya ne in nisa ya ninka biyu hasken rana kan ragu zuwa rubu'i. Sai dai a farkon Janairu ne duniya ta fi kusantar rana, lokacin da hunturu ke fasa leɓe a Kano da Damagaram, saboda karkatar duniya ta fi wannan bambancin tasiri. Inda mai musun ya fi ƙarfi shi ne asalin lamarin: ana kyautata zaton kusancin rana ne ya ƙafar da ruwan Zara tun da can, tururin ya ƙara riƙe zafi. Awon da kumbon Pioneer Venus ya yi a 1978 ya sami nau'in haidurojin mai nauyi da ya ninka na tekunanmu fiye da sau ɗari, alamar ruwa mai yawa da ya tsere zuwa sararin samaniya.