Tarihin Kula da Lafiyar Mata 'Yan Wasa

Sa ido kan lafiyar mata 'yan wasa ya faro ne da tsoron cewa jikin mace ba zai jure wahala ba. A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam aka fara barin mata su shiga guje-guje. Lina Radke ta Jamus ta ci tseren mita 800, amma jaridu suka baza labarin cewa masu tseren sun zube don gajiya. Da wannan hujja aka soke tseren, bai dawo ba sai a gasar birnin Rum ta 1960. Tseren fanfalaki na mata kuwa sai 1984 ya shiga Olamfik.

Babi mafi muni shi ne na Jamus ta Gabas. A can an kula da jikin 'yan wasa sosai, ana auna jini da nauyi, ana rubuta komai, amma lambar yabo ake nema. Tun daga 1974 gwamnati ta tsara ba su ƙwayoyin ƙara ƙarfi, musamman Oral-Turinabol. 'Yan mata da ba su gama girma ba aka riƙa ce musu bitamin ne. Muryoyinsu suka yi kauri, gashi ya fito musu a fuska, wasu suka kamu da ciwon hanta. Likitocin da aka ba amanarsu sun san abin da suke bayarwa. A 2000 wata kotu a Berlin ta samu tsohon shugaban wasannin Jamus ta Gabas, Manfred Ewald, da likita Manfred Höppner da laifi, sai dai ɗaurin talala kawai aka yi musu, hukuncin da bai kai girman cutar ba.

A 1992 ƙwararrun likitocin wasanni a Amurka suka haɗa matsaloli uku wuri guda: ƙarancin cin abinci, ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi. Idan abincin da mace ke ci bai biya ƙarfin da atisaye ke cinyewa ba, jiki yakan dakatar da al'ada, sinadarin da ke riƙe ƙashi ya ragu, karaya ta zo da sauƙi. Kafin nan masu horarwa da yawa sun ɗauki ɗaukewar al'ada alamar ƙwazo. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin har ya shafi maza.

Tawagar ƙwallon ƙafa ta matan Amurka da ta ci Kofin Duniya na 2019 a Faransa ta bi lissafin al'adar 'yan wasanta wajen tsara abinci, barci da atisaye. Daga 2021 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta wajabta wa kulob ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14.