Busasshiyar Allura

Busasshiyar allura hanya ce ta rage ciwon tsoka da ɗaurewarta. Ana kiranta busasshiya saboda babu ruwan magani a cikinta. Siririyar allura ce marar rami, ana soka ta a ƙullin da ya taurare cikin tsoka, irin wanda in an danna shi a kafaɗa sai zafi ya harba har keya. Da allurar ta taɓa ƙullin, tsokar kan yi zillo, daga nan ta saki.

Likitar Amurka Janet Travell, wadda ta duba Shugaba Kennedy, ita da David Simons suka fitar da littafin da ya fayyace waɗannan ƙulle-ƙulle a 1983. Tun 1979 kuwa Karel Lewit, likita a Prague, ya nuna cewa sukar allurar kanta na rage zafi ko ba a zuba magani ba. Allurar iri ɗaya ce da ta akufancar Sin, amma akufanca na bin koyarwar gargajiyar Sinawa ne, wannan kuwa tsarin tsoka take bi.

A Maiduguri mai ciwon baya ko wuya ya saba da ƙahon wanzami, ko ya nufi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wanda kuma zai gwada busasshiyar allura ya sani cewa sauƙin da take kawowa yawanci na ɗan lokaci ne, shi ya sa ake haɗa ta da motsa jiki. Wurin da aka soka yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, kuma sukar da ta zarce a ƙirji na iya huda huhu. Kada ka yarda wanda ba ƙwararre ba ya soka maka, kuma a buɗe sabuwar allura a gabanka.