Shinkafa da Wake a Ƙasar Gumel: Baƙuwa da Ɗan Gida

A wannan ɗan rubutu ina so in bi diddigin abincin nan da muke kira garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji. Yau ana yi masa kallon abincin talaka da ɗalibi, alhali kuwa a ƙasar Gumel haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a tukunyar yau da kullum ba ta daɗe ba.

Wake dai ɗan gida ne. Ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, damina kuma gajeruwa. Gero da wake su ne suka fi karɓar irin wannan ƙasa. Manomi kan shuka wake a tsakanin kunyoyin gero, saiwarsa ta ƙara wa gona ƙarfi, iyali su ci ƙwayar, dabbobi su ci harawa. Daga gare shi ake samun ƙosai da alala da ɗanwake.

Shinkafa kuwa baƙuwa ce, domin ita sai fadama. Daga fadamun Haɗeja da makamantansu take zuwa, saboda haka dattawa suke ba mu labari cewa a da sai ranar salla ko biki ake ganin ta a akushin talaka.

Abin da ya sauya wannan hali ya faru ne a shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya noman gero a arewacin Nijeriya da Nijar. A daidai lokacin kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafar Amurka da Tailan. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa. Sannu a hankali shinkafa ta shiga kasuwannin ƙauye. Matan gida suka ga ba ta bukatar surfe ko niƙa kamar gero, in kuma aka haɗa ta da wake ba sai an yi miya ba.

To, amma baƙo ba shi da tabbas. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, har zuwa Disamba 2020 da aka buɗe guda huɗu, ciki har da ta Maigatari. Duk sa'ad da aka yi irin wannan, farashin shinkafa kan yi tsalle, maigida ya ji a aljihunsa. Wake kuwa yana nan a rumbu, domin Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman sa.

Masana abinci sun tabbatar da hikimar iyayenmu mata. Shinkafa tana ba da ƙarfi, wake yana gina jiki, kuma abin da ɗaya ya rasa na sinadarin gina jiki ɗayan yana cike shi. Dahuwar ma ba wuya. A fara ɗora wake da 'yar kanwa kaɗan, in ya ɗauko laushi a zuba shinkafa, su ƙarasa tare. A soya man gyaɗa da albasa, a barbaɗa yaji, in da hali a yanka tumatir da latas. Tukunya ɗaya, itace kaɗan, gida ya ƙoshi. Har a Ghana abincin ya yi suna, inda suke kiran sa waakye, sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta wake.

Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma a wannan tukunya shi ne mai gyara. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, arhar garau-garau da amfaninsa duka a kan wake suka dogara. Saboda haka shawarata ga uwargida, in shinkafa ta yi tsada, kada ta rage wa yara kwano. Ta rage awon shinkafa, ta ƙara na wake.